Yadda Za Ka Gano Hektor, Dutsen Da Ke Bin Falakin Mushtari, Ka Kuma Tabbatar Shi Ne Ka Gani

A falakin da duniyar Mushtari, wato Jupita, take bi tana kewaya rana, ba ita kaɗai ce ke tafiya ba. Akwai tarin duwatsu guda biyu da suke raba hanyar da ita, ɗaya yana gabanta da tazarar digiri 60, ɗayan kuma yana biye da ita da irin wannan tazara, kuma dukkansu suna kammala zagayen rana a cikin kusan shekara 12 kamar yadda ita ma take yi. Masana taurari suna kiran waɗannan duwatsu Turojan, kuma waɗanda aka riga aka gano aka rubuta sun haura dubu goma. Mafi girma a cikinsu shi ne mai lamba 624, Hektor, kuma shi ne ya fi sauƙin samu ga mai ƙananan kayan aiki, don haka a kansa wannan bayani zai tsaya. Ya kamata a sani tun farko cewa ba wani abin kallo mai ƙayatarwa ake nema ba. Ɗigon haske ne dusasshe wanda ba shi da wani bambanci da ɗaruruwan taurarin da ke kewaye da shi a hoto, kuma shaidar da kawai za ta nuna cewa shi ne ita ce gusawar da yake yi a tsakaninsu. Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan kama wannan gusawa da auna ta daidai.

Abin da ya ajiye su a wurin

A shekarar 1772 masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya nuna cewa idan babban abu yana kewaya wanda ya fi shi girma, akwai gurbi biyu a kan falakinsa inda ƙaramin abu na uku zai iya zama yana tafiya tare da shi ba tare da ya ɓalle ba. Kowane gurbi yana haɗuwa da rana da Mushtari su tayar da alwatika mai ɓangarori uku daidai wa daida, kuma ana kiran na gaba L4, na baya kuma L5. Sharaɗin ɗorewar zaman shi ne babban ya ninka na biyun wajen nauyi aƙalla sau 25, rana kuwa ta ninka Mushtari fiye da sau dubu, saboda haka sharaɗin ya cika har ya yi rara. Lissafin ya zauna a takarda fiye da shekara 130, sai a watan Fabrairun 1906 Max Wolf ya gano dutsen farko a cibiyar nazarin taurari ta Heidelberg da ke Jamus, wanda aka raɗa wa suna Achilles. A watan Oktoban wannan shekarar August Kopff ya gano Patroclus a gurbin baya, sannan a watan Fabrairun 1907 ya gano Hektor a gurbin gaba. An ɗauko sunayen ne daga jaruman yaƙin birnin Turoyi na tatsuniyoyin Girkawan dā, daga baya kuma aka tsara cewa na gaba su ɗauki sunayen mayaƙan Girka, na baya kuma na mutanen birnin. Hektor da Patroclus sun sami sunayensu kafin wannan tsari ya kankama, shi ya sa kowannensu yake zaune a sansanin abokan gabansa.

Akwai abu biyu a nan da mai neman dutsen zai riƙe, domin su ne suke ɓatar da masu farawa. Na farko, duwatsun ba su kusa da Mushtari ko kaɗan. Nisan da ke tsakaninta da kowane gurbi daidai yake da nisanta da rana, wato wajen kilomita miliyan 778, don haka leƙe a gefenta ɓata lokaci ne. Na biyu, ba a cure suke a ɗigo ɗaya ba. Kowanne yana kai da komowa a kewayen gurbinsa, yana kusantar Mushtari yana nesanta, zagaye ɗaya yana cin shekaru wajen 150, kuma falakin da yawa daga cikinsu a karkace yake. Na Hektor ya karkace da kusan digiri 18. Ma'anar wannan ita ce ƙirga digiri 60 daga Mushtari zai kai ka yankin ne kawai, yanki mai faɗin gaske, ba zai kai ka kan dutsen ba.

Zaɓen lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na muƙabala, wato sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakanin rana da dutsen, domin a lokacin ne ya fi kusa, ya fi haske, yana fitowa da faɗuwar rana, yana kaiwa ƙololuwa da tsakar dare. Ko a lokacin ma nisansa ya ninka nisanmu da rana sau huɗu da ɗoriya, kuma haskensa yana shafe minti 35 ko kusa da haka kafin ya iso gare mu. Hanyar kintace mai sauƙi ita ce a duba muƙabalar Mushtari: tarin baya yakan riga ta da kusan wata biyu, tarin gaba kuma yakan biyo bayanta da kusan wata biyu, tunda duniyarmu tana cin kusan digiri ɗaya a kowace rana a kan falakinta. Mushtari tana yin muƙabala duk bayan wata 13, misali a Janairun 2026 da Fabrairun 2027, don haka lokacin tarin da Hektor yake ciki yana faɗawa wajen Maris na 2026 da Afrilu na 2027, yana ƙara jinkiri da wata guda a kowace shekara. Wannan kintace ne na tarin baki ɗaya. Ranar Hektor kansa tana iya kaucewa da makonni, kuma jadawali ne zai faɗe ta.

Kada a yi nisa da ranar muƙabala fiye da wata guda, gaba ko baya. Dalili shi ne kusan wata biyu kafin ranar da kuma wata biyu bayanta, dutsen yakan yi kamar ya tsaya cik a tsakanin taurari kafin ya juya alƙibla, kuma wanda ya ɗauki hoto a irin wannan lokaci ya rasa shaidar da ya fito nema. Sai kuma a zaɓi daren da farin wata ba ya sama, wato kwanakin ƙarshen watan Hijira da na farkonsa.

Ga wanda ke zaune a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, matsayin ƙasar yana taimakawa, domin Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, kuma hanyar da duniyoyi suke bi takan ratsa can sama inda iska ba ta da kauri. Abin da ke kawo cikas shi ne yanayi. Hazon hunturu yana iya shanye hasken dutse mai dusashewa irin wannan ko da ido yana ganin manyan taurari sarai, gajimaren damina kuma ba sai an faɗa ba. Dararen da suka fi tsabta su ne na ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma ranakun da hazo ya lafa a rani. A shekarun da muƙabalar Hektor ta faɗa cikin damina sosai, ya fi kyau a koma tarin baya a nemi Patroclus, wanda lokacinsa yake zuwa kusan wata huɗu kafin na tarin gaba, ko da yake ya ɗan fi dusashewa.

Jadawali da taswira

Shafin Horizons na ɗakin binciken JPL da ke ƙarƙashin hukumar NASA yana bayar da jadawalin matsayin dutsen kyauta, haka ma shafin Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, wato Minor Planet Center, da ke Amurka. A Horizons ka rubuta sunan cikakke, Hektor da harafin k, ko lambar 624 tare da waƙafi mai ɗigo a bayanta, domin lambar ita kaɗai tana iya kawo maka wani ƙaramin wata na duniyar Zuhal, wato Saturn, mai irin wannan lamba. Ka shigar da matsayin garinku, ka nemi jadawali na kowace sa'a, ka tabbata ya ƙunshi lambobi biyun da ke nuna matsayi a sama, da matakin haske, da tsayinsa daga bakin ƙasa, da saurin tafiyarsa. Jadawalin yana zuwa ne da agogon duniya na UTC, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban wannan agogo da sa'a ɗaya, Sudan da sa'a biyu, Ghana kuma daidai take da shi. Ƙarfe 12 da rabi na dare a Zinder ko Katsina, a jadawalin ƙarfe 11 da rabi ne na ranar da ta gabata, kuma wanda bai lura da sauyin kwanan watan ba zai nemi dutsen a inda zai kasance gobe.

Manhajar Stellarium, wadda ita ma kyauta ce, tana da sashen da ake shigar da duwatsun sama daga rumbun cibiyar da aka ambata, kuma tana zana wurin dutsen a kan taswira. Sai dai taurarin da take zuwa da su ba su kai dusashewar Hektor ba, don haka dole ne a sauke ƙarin kundin taurari tun da rana, a inda intanet ke da ƙarfi, in ba haka ba taswirar za ta nuna fili wayam a inda hoton yake cike da ɗigogi.

Kayan aiki

Masana suna auna hasken taurari da ma'aunin da suke kira magnitud, wanda lambarsa take ƙaruwa yayin da haske yake raguwa. Ido mai lafiya a ƙauyen da babu fitilu yana tsayawa ne a wajen mataki na 6, Hektor kuwa a mafi kyawun halinsa yana wajen mataki na 14, wato ya fi tauraro mafi dusashewa da ido ke gani rauni da kusan ninki 1,600. Ba ƙanƙanta ce ta jawo haka ba, domin tsawonsa ya kai wajen kilomita 400, faɗinsa kuma rabin haka. Nisa ne, da kuma baƙin fuskarsa, wadda duhunta ya kusa na gawayi, ba ta mayar da abin da ya wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari na hasken ranar da ya sauka a kanta. Wanda yake son ganinsa da idonsa yana buƙatar madubin hangen nesa mai faɗin baki santimita 25 zuwa 30 da sama mai duhun gaske, kuma ko da hakan sai wanda idonsa ya saba. A ganina wannan ba ita ce hanyar da ta dace da mai farawa ba. Kyamara ta fi, domin tana tara haske na tsawon lokaci, kuma tana barin shaidar da za a iya komawa a duba. Madubi mai faɗin santimita 10 zuwa 15 da aka haɗa da kyamarar taurari ko kyamarar hoto mai cire gilashi ya wadatar, muddin yana kan mazauni mai inji da ke bin juyawar sama. Ƙananan madubai masu sarrafa kansu ta wayar hannu, irin su Seestar, su ma suna iya kaiwa wannan mataki idan aka tara hotuna da yawa a dare mai tsabta.

Mazaunin ya fi madubin muhimmanci. Nau'in da ake saitawa da tauraron arewa shi ne mafi kyau, amma a ƙasashenmu wannan tauraro yana ƙasa sosai, digiri 12 a Kano, 17 a Agadez, ƙasa da 7 a Kumasi, inda ƙura da bishiyoyi da katanga suke yawan rufe shi. Mafita ita ce a yi amfani da manhajar da ke saita mazauni ta hanyar ɗaukar hotunan wani sashe na sama, ba tare da buƙatar ganin tauraron ba. Ɗaya nau'in, mai juyawa sama da ƙasa da hagu da dama, yana da tasa matsala: idan abin da ake bi ya zo daidai saman kai, filin hoton yakan murɗe da sauri, kuma a nan kusa da tsakiyar duniya hakan yana yawan faruwa. Mai irin wannan mazauni ya taƙaita kowane hoto zuwa daƙiƙa 10 ko 20, ya kuma kauce wa sa'ar da dutsen yake ƙololuwa.

Aikin daren

Ka fitar da madubin waje aƙalla rabin sa'a kafin farawa domin zafinsa ya daidaita da na iska, kada ka kafa shi a kan siminti ko kusa da rufin kwanon da ya sha rana, domin zafin da ke tashi daga gare su yana sa taurari rawa a hoto. Ka daidaita agogon kwamfuta ko na kyamara da intanet ko da GPS kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya. Daga nan ka saita kaifin hoto a kan tauraro mai matsakaicin haske, kana juya maɗaurin a hankali har ɗigon ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewa, ka ɗan wuce, sannan ka dawo. Ka sake duba wannan saiti bayan sa'a guda, domin sanyin dare yana sauya shi. Idan ƙarshen damina ne, raɓa za ta sauka a kan gilashi wajen tsakar dare, kuma alamarta ita ce taurari su fara kumbura suna yin hazo a gefensu. Bututun kwali da aka zagaya bakin madubin da shi yana jinkirta ta. A lokacin hazo kuma kada a goge ƙura da tsumma, a hure ta da abin hura iska na masu gyaran kyamara.

Ka nufi wurin da jadawali ya nuna, ka ɗauki hoton gwaji, ka tabbatar da cewa nan ne. Manhajoji da yawa suna iya karanta tsarin taurarin da ke cikin hoto su faɗi ainihin inda madubin yake kallo, kuma shafin astrometry.net yana yin wannan kyauta ga duk wanda ya ɗora masa hoto. Idan wurin ya tabbata, ka ɗauki jerin hotuna goma zuwa ashirin, kowanne na daƙiƙa 60 zuwa 120, a tsarin da ba ya matse bayanai, wato FITS ko RAW. Ka jira sa'a guda ka maimaita ba tare da ka sauya komai ba, ka sake jiran wata sa'ar ka yi na uku. Jeri biyu ba su isa ba, domin ɗigon da ya bayyana a wuri biyu yana iya zama lahani ne na kyamara ko tsautsayi, amma ɗigo uku a kan miƙaƙƙen layi da tazara iri ɗaya ba sa haɗuwa haka kawai. Kafin ka tattara kaya, ka rufe bakin madubin ka ɗauki wasu hotuna masu tsawon lokaci iri ɗaya a cikin duhu, waɗanda za a yi amfani da su a cire ɗigogin ƙarya da zafin kyamara ke haifarwa.

Yanzu sai a haɗa kowane jeri ya zama hoto ɗaya, a daidaita hotunan uku a kan taurarinsu, a riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri a kan allo. Manhajar Astrometrica, wadda Herbert Raab na ƙasar Ostiriya ya rubuta, an yi ta ne musamman don wannan aiki. Abin da za ka gani shi ne ɗaruruwan ɗigogi a tsaye ƙyam, sai guda ɗaya kusa da tsakiya yana tsalle taki uku zuwa yamma, ya koma farko, ya sake tsallen. Idan filin ya cika da taurari har idonka ya kasa kama shi, ka buɗe hoton wannan sashe na sama da aka ɗauka shekaru da dama da suka wuce a shafin Aladin na cibiyar bayanan taurari ta Strasbourg da ke Faransa, ka kwatanta. Ɗigon da ke cikin naka amma babu shi a tsohon shi ne abin zargi.

Tabbatarwa

A nan ne gizo ke saƙa, domin ganin ɗigo mai motsi bai isa a ce an ga Turojan ba. Yankin da ake kallo yana cike da duwatsun babbar ɗamara da ke tsakanin Mirrihi, wato Mars, da Mushtari, kuma da yawansu sun fi Hektor haske. Abin da ke raba su shi ne sauri. Ana raba digiri ɗaya gida 60 a kira kowane gida minti na kusurwa, a sake raba mintin gida 60 a kira shi daƙiƙa ta kusurwa. A lokacin muƙabala, dutsen da ke nisan Mushtari yana gusawa wajen daƙiƙa 20 ta kusurwa a sa'a, wato minti 8 a kwana, ma'ana yana ƙetare faɗin cikakken wata a cikin kwana huɗu. Dutsen babbar ɗamara kuwa yana yin daƙiƙa 30 zuwa 40 a sa'a. Wannan bambanci ya samo asali ne daga cewa mu ne muke wuce su: duniyarmu tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, Mushtari da abokan tafiyarta suna yin 13, kuma gwargwadon nisan abin da aka wuce, gwargwadon jinkirin komawarsa baya a ido. Shi ya sa wanda ya auna saurin da kyau ya riga ya auna nisan a taƙaice, kuma a wurina wannan shi ne mafi daɗin sashen aikin, domin mutum ya fitar da nisan kilomita ɗaruruwan miliyoyi daga hoto uku da agogo.

Don mayar da ɗigogin hoto zuwa kusurwa, ka ninka girman ɗigon kyamararka, wato pixel, a ma'aunin maikiron da 206, ka raba da tsawon fokas ɗin madubin a milimita. Kyamara mai ɗigo 3.76 a kan madubi mai fokas 750 tana bayar da kusan daƙiƙa ɗaya ta kusurwa a kowane ɗigo, don haka Hektor zai gusa ɗigo 20 a sa'a. A kan ƙaramin madubi mai fokas 250 gusawar ba za ta wuce ɗigo takwas ba, amma hakan ma ya isa a gani. Bayan an auna, sai a gwada matsayi da sauri da alƙibla da abin da jadawali ya faɗa, a kuma shigar da matsayin da lokacin a shafin MPChecker na Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, wanda zai jero duk sanannun duwatsun da ke wannan fili a wannan sa'a. Idan aka dawo washegari aka same shi a inda lissafi ya nuna, magana ta ƙare.

Wanda ya ci karo da wani dutse mai jinkiri a hotonsa, yana son sanin ko shi ma Turojan ne, ya duba bayanan falakinsa. Matsakaicin nisan Turojan daga rana yana wajen ninki 5.2 na nisan duniyarmu, zagayensa kuma kusan shekara 12. A yi hattara da dangin Hilda, waɗanda matsakaicin nisansu yake wajen ninki 4, suna zagaya rana sau uku yayin da Mushtari take yin biyu; su ma sukan ratsa kusa da gurabun nan biyu idan sun kai ƙarshen nisansu, amma wucewa suke yi, ba zama ba. Haka kuma ba Mushtari kaɗai ke da irin waɗannan abokan tafiya ba: an gano na farkon Naftun a 2001, na Yuranus a 2011, Mirrihi tana da Eureka da aka gano a 1990, duniyarmu ma tana da biyu da aka sani, amma na manyan duniyoyi masu nisa sun fi ƙarfin ƙananan madubai.

Abin da za a iya ƙarawa

Hektor ba mulmulalle ba ne. Dogo ne mai kai biyu, kamar duwatsu biyu da suka manne, kuma yana juyawa a kan kansa sau ɗaya a cikin sa'a 6.9. Idan ya ba mu gefensa yakan yi haske, idan ya ba mu kansa ya dusashe, don haka a juyi ɗaya haskensa yana tashi sau biyu ya sauka sau biyu, tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa wajen sa'a uku da rabi. Wanda ya ci gaba da ɗaukar hoto duk bayan minti biyar tun daga bayan isha'i har zuwa asuba, yana gwada hasken dutsen da na taurari uku ko huɗu da ke kusa da shi waɗanda haskensu ba ya sauyawa, zai iya zana wannan hawa da sauka a dare ɗaya. Girman sauyin ya danganta da kusurwar da muke kallonsa a wannan shekarar: wani lokaci ya haura mataki guda cur, wanda kowa zai gani a hoto, wani lokaci kuma kaɗan ne ƙwarai. Yana da ƙaramin wata mai faɗin kilomita wajen 12, wanda aka gano a 2006 da babban madubin Keck da ke Hawayi aka raɗa masa suna Skamandrios, amma wannan ba abin da ƙaramin madubi zai raba da shi ba ne, kada a wahalar da kai.

Irin wannan awo ba wasa ba ne, domin har yanzu tambayar asalin duwatsun a buɗe take. Ra'ayin da ya fi ƙarfi tun 2005 shi ne cewa ba a nan aka yi su ba, daga can nesa bayan manyan duniyoyi suka fito, aka kama su a lokacin da manyan duniyoyin suke sauya falakinsu a farkon zamani. Domin gwada wannan ne NASA ta harba kumbon Lucy a ranar 16 ga Oktoban 2021, wanda aka tsara zai ratsa kusa da waɗannan Turojan: Eurybates da Polymele a 2027, Leucus da Orus a 2028, sannan Patroclus da tagwayensa Menoetius a 2033. Hektor ba ya cikin jerin, saboda haka abin da za a sani game da shi daga ƙasa zai ci gaba da fitowa.

Aikin da mai ƙaramin madubi ya fi yin tasiri a cikinsa shi ne na husufin tauraro, wato sa'ad da dutsen ya gifta ta gaban wani tauraro ya rufe shi na ɗan lokaci. Inuwar tana ratsa doron ƙasa a kan siririn layi mai faɗin dutsen kansa, tana gudun kilomita goma sha wani abu a daƙiƙa, don haka babban dutse kamar Hektor zai iya ɓoye tauraro na daƙiƙa goma ko fiye, ƙarami kamar Polymele kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan mutane da yawa suka jeru a faɗin layin, kowa ya rubuta lokacin da tauraron ya ɓace da lokacin da ya dawo, haɗa awonsu yana fitar da siffar dutsen da girmansa. Da wannan dabara aka gano watan Polymele a Maris na 2022, kuma an yi irin wannan aiki a Yammacin Afirka: masana da masu sha'awar taurari na Sanagal, ƙarƙashin jagorancin Maram Kaire, sun fita tare da tawagar Lucy domin Polymele a 2020 da Orus a 2021. A wannan aiki ba sai ka ga dutsen ba, tauraron kawai za ka riƙe, wanda sau da yawa ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Manhajar Occult Watcher tana nuna husufin da layinsu zai bi ta kusa da garinku. Ka ɗauki bidiyo ko hotuna masu sauri tun minti biyu kafin lokacin da aka kintata har minti biyu bayansa, da agogon da aka ɗaure da GPS, ka kuma rubuta ainihin matsayin da ka tsaya. Ko da tauraron bai ɓace a wurinka ba, ka aika da rahoton, domin shi ne zai nuna inda gefen dutsen ya tsaya.